Majinginin Taubashina

Wauta ta farko da na tafka a ciwon taubashina ita ce barka da na yi masa. Na je shagonsa a Kawo da hantsi, na tarar ya tuɓe takalma ya ajiye gefe don ƙafa ta ƙi shiga, ciki ya turo riga, fuska ta yi sumul kamar an shafe ta da man shanu. Sai na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga murya yadda duk layin teloli zai ji, na ce, "Jama'a ku zo ku gani, bawana ya yi arziki ya ɓoye wa ubangidansa!" Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, sai dai tasa ta ƙare da tari, tarin kuma ya daɗe bai sake shi ba. Ni ban kawo komai a raina ba. A wurina duk wanda ya cika ƙiba ya yi, don ni ban taɓa yin ta ba balle in san kamanninta. Har yau in na tsaya a bayan turken akuya sai an leƙa ake ganina.

Ubana da uwarsa ciki ɗaya suka fito. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, shi ya sa tun muna yawo ba wando nake ce masa bawana, shi kuma yana cewa bai taɓa ganin ubangidan da kullum a gidan bawa yake cin tuwo ba. Tare muka baro ƙauye muka faɗo Kaduna da ƙuruciyarmu. Shi ya koyi ɗinki ya zama mutum, ni na samu gindin mangwaro na zauna ina facin keke. Abin da zan faɗa ya faru ne a 'yan shekarun nan da ake ta maganar mulkin kai, Turawa suna nan amma sun fara ɗaure kaya. A lokacin ne ma na shiga ajin yaƙi da jahilci, inda na samo ɗan rubutun da kuke gani. Ban ce ni na ci yaƙin ba.

Ciwon bai zo da gaggawa ba. Da farko taka keken ɗinki ne ya gagare shi, sai ya ɗinka hannun riga ɗaya ya tsaya yana haki kamar wanda ya hau dutse. Daga nan in ka danna masa ƙauri da yatsa, sai ramin ya zauna yana kallonka. Daga nan kwanciya ta gagara. Da ya miƙe a gado sai ya zabura ya tashi zaune, ya ce ji yake an tura kansa cikin rijiya. An yi abin da aka saba yi. Wanzami ya zo ya kafa ƙaho, an sha rubutu, an sha jiƙe-jiƙe, ni kaina na kawo wani sassaƙe da wani mai keke ya rantse mini ya tayar da kakarsa. Bawana ya kurɓa ya ce in wannan ne ya tayar da ita, to gudu ta yi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na wata nas, 'yar kudancin Zazzau, Kirista ce, mijinta akawu. Ita ta leƙo wata rana ta ga ƙafafun, washegari ta sa aka kai shi babban asibiti. Ya kwanta can, ko in ce ya zauna can, aka yi ta yi masa allurar da ke sa fitsari, ya saɓe ya dawo kamar mutum, har ya koma shago. Ruwan da ke kumbura shi ya dawo. Aka sake kai shi, ya sake saɓewa, amma bai kai na farko ba. A komawa ta gaba ce nas ɗin ta same ni a gindin mangwarona tana dawowa daga aiki, da farar rigarta da lema a hannu.

Ta ce, "Baba mai faci, in famfonka ya daina tura iska, me ya lalace?"

Na ce, "Fatar ciki ce ta cinye."

"To haka zuciyarsa ta yi. Tana turawa, jini ba ya tafiya yadda ya kamata. Shi ne ruwa ke taruwa a ƙafa, ya hau ciki, ya hau ƙirji."

Na ce, "To a sake fatar mana."

Ta dube ni har na ji kunyar bakina. Sannan ta ce likita ya ce a mai da shi gida cikin iyalinsa. Ta ce, "Yanzu ba warkewa za mu nema masa ba, sauƙi za mu nema. Kuma kada ka ɗauka sauƙin ƙaramin aiki ne."

Ta jera mana dokoki a tsakar gida, ni da matarsa muna tsaye kamar 'yan makaranta. Ba gishiri, ba kanwa ko a kunu. Ruwa kaɗan-kaɗan, in ƙishi ya dame shi a jiƙa masa leɓe. A buɗe taga, a riƙa yi masa fifita a fuska. Babbar doka kuma, kada kowa ya kwantar da shi, ko da ya ga barci ya ɗauke shi. Ita za ta riƙa shigowa in ta taso aiki ta yi masa allura, ta ɗiga masa wani magani mai ɗaci da ke kwantar da hakin.

Zaman ne ya zama matsala. Mun jingina shi da bango, ƙashin bayansa ya yi ciwo. Mun tara matasai, sai ya zame a hankali har ya kusa miƙewa, ya farka yana kokawa da iska. Wata rana na shiga bayansa don in ɗago shi, na zauna na buɗe ƙafafu na jawo shi jikina kafin a gyara matasan. Sai na ji ya saki wata doguwar ajiyar zuciya.

Ya ce, "Tsaya haka."

Na tsaya. Ya ɗora ƙeyarsa a kafaɗata, ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Da ya farka abin da ya fara cewa shi ne, "Yau dai ubangida ya zama kujerar bawa."

Na ce, "Dukiyata nake tsaro kada ta zube."

Daga ranar na bar wa mangwaro facin keke. Ba ni kaɗai ba ne, akwai ƙanin matarsa da ke karɓata in na je salla ko in ƙafata ta mutu, amma shi bawana ya ce ƙashin yaron ya yi laushi, nawa ne ya yi daidai da gadon bayansa. Wannan ne karo na farko da ramata ta yi wa wani amfani.

Wanda bai taɓa riƙe mai irin wannan ciwo a ƙirjinsa ba, akwai abin da ba zai sani ba. Ta bayansa nake jin zuciyar tana aiki, ta buga, ta buga, ta yi tuntuɓe, ta tsaya kamar tana tunani, sannan ta ci gaba. In ya ja numfashi ina jin wani ɗan ƙara can ƙasa kamar ana taka busasshen ganye. Tun ina tsorata har na saba, har na iya gane lokacin da hakin zai taso kafin shi ya sani, sai in ɗan ƙara miƙewa in tura shi gaba, in ce wa mai fifita ta ƙara hannu. Bazara ce, zufarsa da tawa suka zama ɗaya. Na lura kuma in na ja numfashi a hankali, shi ma nasa yakan bi nawa ya lafa. Ban faɗa wa kowa ba, kada a ce mai faci ya fara bokanci.

Sai 'yan dubiya. Mutum ne na mutane, rabin Kawo shi ya ɗinka musu rigar aure, ga na Unguwar Kanawa, ga 'yan ƙauyenmu da ke aikin jirgin ƙasa. Kowa ya shigo sai ya durƙusa ya jero ta tun daga farko. Ina kwana, ya jiki, ya ƙarfin jiki, an samu barci, ya iyali, ya haƙuri, Allah ya sa kaffara ne. Shi kuma ba ya iya barin gaisuwa ta faɗi ƙasa. Kowace sai ya amsa, da sauƙi, alhamdu lillahi, da sauƙi, ina jin yadda kowace "da sauƙi" ke fita da abin da ya tara. Kafin azahar ya zama kamar tsumma. Mutane sun zo da alheri, suna tafiya da numfashinsa a aljihu ba su sani ba.

To ni dai Allah bai ba ni komai ba sai baki. Na ce masa daga yau shi nasa ɗaga hannu, amsa tawa ce. Mai dubiya zai ce ya jiki, sai murya ta fito daga bayan kunnen majinyaci ta ce da sauƙi. Wasu suka yi dariya, wasu suka ɗaure fuska. Wani dattijo da idonsa ya yi rauni ya zo ya gaishe shi, na amsa masa tiryan-tiryan har da tambayar jikoki, ya tashi yana cewa, "Alhamdu lillahi, ai murya ta dawo garau, wannan ya warke." Bawana ya yi ta girgiza a jikina, dariya ba sauti, sai da matarsa ta leƙo ta ce in zan kashe shi in bari ta gama tuwo.

Ana cikin haka 'yarsa ta fari ta iso daga Zariya, inda take aure, da goyo a bayanta.

'Yar fari ce, kuma shi mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa dubanta ido cikin ido ya yi mata magana ba. Da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta, can ta girma. Uwar ma haka take yi da ita, sai dai mata suna da hanyoyinsu a madafa da mu ba mu sani ba. Shi kuwa "waccan" yake ce mata. Duk sallar duniya sai ya ɗinka mata kaya, ya ba ni in kai, ya ce in ce wani ne ya bar yadi a shago bai dawo ba. Ni kuma in je in ce, "Ubanki ya hana idonsa barci yana miki wannan, ya ce kada in faɗa." Haka muka yi ta yi har ta yi aure. In ya ji ba ta da lafiya ni zai tura, in na dawo ba zai tambaya ba, sai ya yi ta share keken ɗinki yana jira in fara da kaina. Ni kuwa sai in ja masa rai, in yi ta labarin hanya.

Da ta zo ta karɓi aikin ƙafafun. A lokacin sun fara tsagewa suna tsattsafo da ruwa. Kullum da safe za ta kawo ruwan ɗumi a ƙwarya ta durƙusa, kanta a sunkuye, ta wanke, ta tsane da tsohon zane mai laushi, ta shafa man da nas ta bayar, ta naɗe. Shi kuma ya kafa wa taga ido kamar ƙafafun na maƙwabci ne.

Sai ya ce, "A ce wa waccan ruwan ya yi zafi."

In ce, "Ke, an ce hannunki ya fi na uwarki taushi."

"Ƙarya yake yi."

"An ce kuma tun da aka fara ciwon nan ba a ji daɗi irin na yau ba."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

Ita kuma ta kau da kai tana danne dariya, ta ce, "Baffa, a ce masa ya ɗaga ta hagun."

In ce, "Bawa, 'yata ta ce ka ɗaga ƙafa, kuma ka daina yi wa ubanta rashin kunya."

Ya ɗaga. Yana ɗagawa ina jin bayansa ya saki, irin sakin da ko maganin nas ba ya sa shi yi.

Wata rana da hantsi, ta fita da ƙwaryar, ɗakin ya rage daga ni sai shi, ya ce, "Akwai maganar da nake so in yi da waccan."

Na ce, "Faɗi in kai."

Ya tara iska. Sannan ya ce, "Wannan ba ta aike ba ce."

Ban tsokane shi ba. Na san ba maganar gado ba ce, wannan ya riga ya yi ta da liman da ƙanin matarsa, keken ɗinki da 'yan komatsai ne, ba wani abu. Wannan wata ce daban, wadda ya riƙe tun ranar da aka ce masa an sauka lafiya, mace ce, ya tashi ya bar gidan don kunya.

Ya gwada, ina ji ina gani. Washegari tana naɗe masa ƙafa sai na ji ya cika ƙirji, ya ce, "Ke." Hannunta ya tsaya cak. Sai ya ce, "A ba ni ruwa." Bayan kwana biyu ya sake, wannan karon har ya ɗago hannu, sai ya ƙare da tambayar ko an ba akuya dusa.

Da yamma na tare nas a zaure na tambaye ta gaskiya. Ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce allurar ta daina jan ruwan kamar da. Ta ce, "Baba mai faci, maganarsa za ta riga shi tafiya. Zai kai lokacin da yana ji yana gani amma iskar da zai yi magana da ita babu. In akwai abin da zai faɗa wa wani, kada a ce sai gobe."

Na zauna na yi tunani, abin da ban saba ba. Na ce wane ne zai buɗe cikinsa ga 'yarsa ta fari alhali kunnen taubashinsa na manne da ƙeyarsa? Mutumin da tun suna yara duk abin da ya faɗa sai ya mai da shi abin dariya a kasuwa? Na ce ai ni ne ƙayar. In na cire kaina, magana za ta fito.

Na shiga shiri kamar mai shirya biki. Na kife turmi a jikin bango, na samo buhun ƙaiƙayi na jingina, na rufa bargo, na zauna na gwada da kaina, na ƙara matashi nan na rage can. Nas ta duba ta ce zai riƙe shi na ɗan lokaci in ba a daɗe ba. Na ce wa matarsa bayan azahar ta ɗauki jikan ta shiga maƙwabta. Ta dube ni ta ce, "Kai dai ba ka rasa ƙulle-ƙulle," amma ta tafi. Muka ɗaga shi ni da ƙaninta muka mai da shi jikin buhun. Ya waiwayo ya ce, "Ina za ka?" Na ce cikina ne ya murɗa. Na ce wa 'yar ta shigo ta karɓi mafici, na ja ƙanin matar muka fita, na saki labule.

Na zauna a zaure na zama mai gadi. Duk wanda ya zo dubiya in ce barci yake, likita ya ce ko sarki ne kada a tashe shi. Na mai da teloli, na mai da wani mai goro da ya taho tun daga Tudun Wada a ƙafa. Ina zaune ina jin kaina kamar wani alƙali. Na ce yau dai na yi abin hankali sau ɗaya a rayuwata, kuma ba wanda zai yaba mini, don ba wanda ya sani. Na kasa kunne ta tsakar gida, ba don in ji abin da ake cewa ba, don dai in ji ana cewa. Ba na jin komai sai kaɗawar mafici. Na ce to, a hankali suke yi.

Da aka kira la'asar ta fito. Idonta a bushe, ta wuce madafa ba ta dube ni ba. Na shiga na tarar ya zame gefe, buhun ya lotse, leɓensa ya yi duhu. Na yi maza na koma wurina na jawo shi. Sai da numfashinsa ya daidaita sannan ya ce, a rarrabe, "Cikin naka... ya daɗe."

Na ce, "Tuwon gidanka ne, ba gishiri."

Ban tambaye shi ko ya faɗa ba. Na ga abu ne tsakanin uba da 'ya, na ce bari in nuna ni ma ina da ta ido. Shi ma bai ce ba.

Yadda nas ta faɗa haka aka yi. Maganarsa ta koma kalma ɗaya-ɗaya, ruwa, taga, ɗaga ni. Daga nan ta koma hannu. In yana son abu sai ya matsa mini gwiwa, ni kuma in yi ta lissafo abubuwa har in faɗo kan wanda yake nufi. Abinci ya tsaya, sai ɗan kunu a bakin ludayi, daga baya shi ma ya ƙi. Matarsa ta so ta matsa masa, nas ta ce a bar shi, jikin ba ya nema, a dai riƙa jiƙa masa baki. Ta ƙara masa maganin ɗacin, hakin ya rage tsanani, yana yawan lumshe ido. 'Yar tana nan a kan ƙafafun kullum da safe. Na ci gaba da yi musu tafinta ko da yake babu abin fassarawa. In ce, "An ce an gode." Ta ce, "A ce masa Allah ya ba shi sauƙi." Shi kuma ya matsa mini gwiwa, ban san ko amin yake nufi ba ko Allah ya isa.

Ranar da zai tafi an yi ruwan farko da asuba, gari ya yi sanyi, ƙamshin ƙasa na shigowa ta taga. Da hantsi numfashin ya sake, ya yi ta yi da sauri sannan ya tsaya, har sai ka ce shi ke nan, sai ya dawo. Aka kira liman. Ya duba ya ce a kwantar da shi ta dama a fuskantar da shi alƙibla. Aka kama kafaɗunsa za a zare shi daga jikina, sai ya damƙe mini gwiwa da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. Na ce, "Malam, in aka kwantar da shi nutsewa zai yi." Liman ya dubi hannun da ke gwiwata, ya ce, "To a juya su su biyun." Aka kama bakin tabarma aka ja mu, ni da shi, kamar ana juya kwale-kwale, har muka fuskanci gabas. Na sa baki a kunnensa ina maimaita kalmar shahada a hankali. Leɓensa na motsi. Matarsa na bakin ƙofa, 'yar na riƙe da ƙafafunsa ta cikin zane.

Ni na riga kowa sani. Ba a numfashi na gane ba, a nauyi na gane. Mutum mai rai ko barci yake yana riƙe da wani abu na jikinsa, ba ya sakar maka duka. Sai na ji an sakar mini duka. Liman na ta karatu, mafici na ta kaɗawa. Sannan na ce wa mai fifitar ta huta.

Na daɗe bayan nan in na zauna sai in ji ƙirjina fayau, kamar na manta ban sa riga ba. Na yi jinyar mutane bayansa, har ana zuwa nemana in an samu mai kumburi a unguwa, ana cewa a kira mai facin nan ya iya zama. Abin da na iya ɗin ke nan kuwa. Mun saba ɗaukar jinya a kan neman magani, a je nan a je can, in an rasa sai a ce ba abin da ya rage. Alhali da saura. Akwai taga, akwai jiƙa leɓe, akwai sallamar baƙi, akwai wanda zai zauna a baya.

Da aka yi sadakar bakwai, 'yar ta shirya komawa Zariya. Na ɗaure ƙunshin kayanta a bayan keke ina turawa, tana biye da goyonta, muka nufi tashar mota ta Kawo. Hanya duk caɓi. Muna tafe ina ta jin abin yana cina. Ina so ta san cewa ranar nan ba cikina ne ya murɗa ba, ni na kife turmin, ni na kori mutane, ni na ba su ɗakin. Da muka isa aka ɗora kayan a saman mota, ana jiran ta cika, muka tsaya a inuwar wata rumfa. Sai na kasa haƙuri.

Na ce, "'Yata, ranar da na bar ku ku biyu, dabara ce na yi. Ya ce yana da magana da ke wadda ba ta aike ba. Ba sai kin faɗa mini ba, amma dai ya samu ya faɗa ko?"

Ta gyara goyonta. Ta ce tun da na saki labule har aka kira la'asar bai ce uffan ba. Ta ce ya buɗe baki ya fi a ƙirga, sai ya waiwaya bayansa, ya ga buhu, ya rufe. Ita ma ta so ta ce wani abu, ta rasa wanda za ta ce wa a ce masa.

Yaran mota suka fara kiran a shiga. Ta sa ƙafa a matakala, sannan ta juyo, ba da faɗa ba, har da ɗan murmushinta irin nasa. Ta rayu shekaru da yawa bayan nan, na je gidanta ta zo nawa, na ɗauki 'ya'yanta a kan keke, amma abin da ta faɗa mini a bakin motar nan ban taɓa ba ta amsarsa ba.

Ta ce, "Baffa, tun da aka haife ni duk maganar da ya yi mini ta bakinka ta biyo. Ranar kuma sai ka ɗauki bakin ka fita da shi."